Bamba ko Shasi: Ina Ya Dace a Ɗaura Tirela a Tsohuwar A-Kori-Kura?

   

Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne jan ƙaramar tirela da tsohuwar a-kori-kura. Shin a jikin bamba za a ɗaura ta, ko kuwa sai an sa wa motar ƙarfen ja na musamman da ake ɗaurewa a jikin shasi, wanda ake kira risiba? Kada jin tirela ya kai hankalinku kan manyan motocin siminti. Ina nufin ƙaramar nan mai taya biyu ko huɗu, wadda ake ɗora wa tankin ruwa, ko janareta, ko injin casar shinkafa, ko shanu biyu, a maƙala ta a bayan mota.

Asalin wannan muhawara a Amurka take, kuma can zan fi zama a laccar nan, domin can aka ƙera yawancin ƙarafan da za mu ambata, can aka rubuta lambobin da ke jikinsu. Jan tirela a wurinsu abu ne na yau da kullum. Manomi yana jan harawa da dawakai, mai hali yana jan kwalekwalen shaƙatawa zuwa tafki, mai tashi daga wani gari zuwa wani yakan yi hayar tirela ya zuba komatsansa ya ja da motarsa. Kamfanin U-Haul tun 1945 yake wannan haya. Dalilin da ya sa abin ya shafe mu kuwa ba ɓoyayye ba ne: motocin nan in sun tsufa a can, jirgin ruwa suke hawa su sauka Kwatano ko Legas, mu saye su da bambarsu da tsatsarsu, galibi ba tare da littafin da kamfani ya haɗo su da shi ba.

Mu fara da bamba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan tsohuwar Ford ko Chevrolet ya ga bambarta tana da mataki a tsakiya, ƙarƙashin lambar mota, inda ake sa ƙafa a hau bodi. A jikin matakin akwai huji, sau da yawa uku. Na tsakiya na ƙwallon ja ne, wato dunƙulallen ƙarfen nan mai wutsiya mai zare da ake ɗaurewa da noti ta ƙasa. Na gefe biyun nan ake rataya sarƙa. Don haka wanda ya ce ba a taɓa yin bamba don ja ba, bai faɗi daidai ba. Irin wannan bamba an yi ta don ja, an kuma faɗi iyakarta. Littafin tsohuwar Ford Ranger ya ba bambarta laba 2,000 na nauyin tirela, wato kilo 907, da laba 200 na nauyin da ke sauka a kan ƙwallo, wato kilo 91. Babbar yayarta F-150, ta ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, an ba tata laba 5,000 da laba 500, kimanin kilo 2,270 da kilo 227 ke nan. A motoci da yawa an buga lambobin a jikin matakin. Goge ƙurar, ka kankare fentin da aka shafe wurin da shi, za ka gan su.

Lambobin biyu ne, ta biyun ce kuma ba a cika kula da ita ba. Ta farko nauyin tirelar ne gaba ɗaya, ita da lodinta. Ta biyu nauyin wuya ne. Tirela tana da dogon wuya da ya miƙo gaba, a ƙarshensa akwai kofin da ke kifuwa a kan ƙwallo, ta nan wani kaso na nauyinta yake dannowa ƙasa. A tsarin Amurka ana son wannan kaso ya zama 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin duka. To mu yi lissafi da abin da muka sani. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ashe tanki mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne cur. A ƙaddara tirelar da tankin, babu ruwa ciki, sun kai kilo 300. Kilo 1,300 ke nan, nauyin wuya kuma tsakanin kilo 130 da 195. Bambar Ranger an ce 907 da 91. Lamba ta farko an wuce ta da kusan rabi, ta biyu har ninka ta ana iya yi. Buhun siminti 20 ma haka lissafinsa zai fito. Wani zai ce, to malam, ai tana ja. Ƙwarai kuwa, za ta ja, har direba ya rantse ko a jikinta. Inji ba ya jin abin da bamba take ji.

Me ke riƙe da bambar? Hannuwan ƙarfe biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne an ɗaure shi a ƙarshen shasi da 'yan notina. Ƙwallo yana tsakiya, nesa da kowannensu. Duk lokacin da tirela ta danno ƙasa, ko ta fizgi motar a tashi, ko ta turo ta a birki, bambar murɗuwa take son yi, hannuwan nan biyu ne ke hana ta. Kan shimfiɗaɗɗen titi abin da sauƙi. Amma tayar tirela ta faɗa rami ana cikin gudu, ƙarfin da zai daki ƙwallon nan a wannan ɗan lokaci ya ninka nauyin da ke kansa a tsaye. Shi ya sa za ku ga wasu tsofaffin motoci bambarsu ta sunkuya, matakin yana kallon ƙasa. Wadda ta sunkuya ta riga ta ba da amsa, ba sai an duba lambarta ba.

Lambar kuma, ku riƙe wannan da kyau, ta ranar da motar ta fito daga masana'anta ce. Shekara ashirin ko talatin sun wuce a kanta. A jihohin Amurka masu sanyi, irin su Mishigan da Ohayo da Niyok, gishiri ake watsawa a titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya kwanta a lungunan shasi, ya yi ta cin ƙarfe daga ciki. Ba ƙaramar matsala ba ce a wurinsu. A 2008 Toyota ta shiga sayen a-kori-kurar Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su saboda tsatsar shasi, sannan a 2016 ta amince da sulhun da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 3.4, wanda ya shafi motoci kimanin miliyan 1.5, cikinsu har da Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010. Na kawo Toyota ne don nata labarin ya fito fili, ba don tsatsa ta san sunan kamfani ba. Mu a nan iskarmu busasshiya ce, ba ta cin ƙarfe haka, shi ya sa ba mu saba kwanciya ƙarƙashin mota neman tsatsa ba. Amma motar da ta yi shekara goma sha a Ohayo da ciwonta ta zo. Ka ɗauki tocila da ƙaramar guduma, ka kwanta, ka bubbuga ƙarshen shasi da hannuwan bamba. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tas. Wanda tsatsa ta cinye sai ka ji shi dum, yana zubar da ɓawo, wani lokaci gudumar ma ta shige. In kuma ka ga sabon baƙin fenti yana sheƙi a ƙarƙashin mota mai shekara ashirin, ka tambayi dillali abin da aka rufe.

Akwai wata tambayar kafin wannan ma: bambar da kake gani, ita ce ta asali? A da a Amurka an daɗe ana sayar da a-kori-kura babu bambar baya, sai dila ko mai mota ya sa wadda ya ga dama. Wata motar an daki bayanta, aka canza. Wata an miƙe ta da wuta a gareji. Ga kuma masu ƙyalƙyalin nan na ado, irin da muke gani a bayan Hilux da yawa, waɗanda siririn ƙarfe ne aka lanƙwasa don kyan gani da taka ƙafa. Bambar da babu lambar nauyi a jikinta, babu kuma a littafin motar, ka ɗauka lambarta sifili ce.

Ko da bambar ta asali ce kuma lafiya lau, tana da aibi biyu da ba su gyaruwa. Na farko tsayi. Inda kamfani ya kafa ta nan take, ba ta sauka ba ta hawa, kuma a yawancin motocin nan, balle masu jan taya huɗu, ta fi wuyan ƙaramar tirela tsayi. Sai ka ga tirela ta ɗaga hanci sama, bayanta yana neman ƙasa. Nauyi ya koma baya ke nan, tirelar da nauyinta ya koma baya kuwa ita ce mai lilo a kan titi. In mai aksil biyu ce, na baya ya ɗauke kayan na gaba, tayoyinsa su yi ta zafi. Aibi na biyu kusanci. Ƙwallon yana cikin bambar, saboda haka kana shan kwana mai tsanani ko kana ribas sai wuyan tirela ya daki gefenta. Da yawa daga lotsewar da kuke gani a kusurwar tsofaffin bambobi daga nan ta samo asali.

Sai zancen sarƙa, wanda a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi. Sarƙoƙi biyun nan da ke tsakanin tirela da mota aikinsu ɗaya ne: ranar da kofi ya fita daga ƙwallo, su riƙe tirelar kada ta tafi ita kaɗai cikin jama'a. Ana gicciya su ƙarƙashin wuya, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don in wuyan ya faɗo ya sauka a kansu, kada ya caki kwalta. Ƙa'idar Amurka ta ce kowace sarƙa ita kaɗai ta iya ɗaukar nauyin tirelar duka. To idan ƙwallo a bamba yake, sarƙa ma a bamba take, ranar da hannuwan nan biyu suka tsinke me ya rage? Tirela ta tafi da ƙwallo da sarƙa da bamba da lambar mota baki ɗaya. Wanda dole ta sa shi ja da bamba, ya nemi wuri a jikin shasi ya rataya sarƙarsa.

Ban ce a daina ja da bamba kwata-kwata ba, don kada a je a ce na faɗi abin da ban faɗa ba. Bambar asali mai lamba, wadda ba ta tsatsa ba ta sunkuya ba, da ƙaramar tirela mai ɗauke da babur ko ƙaramin janareta, wadda ta zauna daidai ba ta ɗaga hanci ba, a tafiyar cikin gari: wannan babu laifi, don shi aka yi hujin. Sharuɗɗan ne suke da yawa, tsohuwar mota kuma ba kasafai take cika su duka ba.

Yanzu risiba. Wani kakkauran ƙarfe ne da ke gicciye ƙarƙashin bamba, yana da faranti a kowane gefe da ake ɗaurewa a jikin dogayen ƙarafan shasi da manyan notina, a wurare da dama, ba a ƙarshen baki kaɗai ba. A tsakiyarsa akwai bututu mai kusurwa huɗu da ke kallon baya. Cikin bututun ake zura sandar da ke ɗauke da ƙwallo, kamar yadda ake mayar da wuƙa kube, sannan a soka sakata ta gefe a kulle ta da 'yar maƙala. Bututun da aka fi gani a a-kori-kura mai faɗin inci 2 ne, sakatarsa kaurin kashi 5 cikin 8 na inci. Akwai ƙarami mai inci ɗaya da kwata na ƙananan motoci, akwai mai inci biyu da rabi na manya. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, tana da ma'auni mai lamba J684 da ya kasa ƙarafan ja aji huɗu. Aji na 1 ya tsaya a laba 2,000, na 2 a 3,500, na 3 a 5,000, na 4 a 10,000, wato daga kimanin kilo 900 zuwa 4,500. Za ku ji ana aji na 5 a kasuwa, amma wannan suna ne da masu ƙerawa suka sa da kansu. Kowace risibar kirki tana da takarda ko tambari a jikinta mai faɗin nauyin tirela da nauyin wuya.

Amfaninta na farko shi ne ƙarfin ja da na birki kai tsaye suke shiga shasi, suna bazuwa a kan notina da yawa. Na biyu, tsayin ƙwallo ya dawo hannunka. Sandunan iri-iri ne, wata ta sauko inci 2, wata 4, wata 6, in ka juya ta kuma ta hau sama. Ka tsayar da mota da tirela a wuri mai baje, ka daidaita tirelar, ka auna daga ƙasa zuwa kofinta, ka auna daga ƙasa zuwa bututun, bambancin shi ne sandar da za ka saya. Na uku, ƙwallon ya ɗan fito baya, kwana ta samu fili. Na huɗu, zoben sarƙa a jikin risibar yake, ita kuma a jikin shasi. Ga masu jan kaya masu nauyi sosai akwai wasu sandunan sifirin da ake haɗawa su mayar da wani kaso na nauyin wuya kan tayoyin gaba, kuma wannan sai da risiba, bamba ba ta ɗauka.

A yi hattara da wata 'yar risiba da ake ɗaurewa a ƙarƙashin matakin bamba da noti biyu ko huɗu. Daga nesa ba ka bambanta ta da ta gaske, ga bututu ga sakata. Leƙa ƙasa ka ga inda ta kama. In bamba ta kama, ƙarfinta na bamba ne, har ma ta fi muni, domin ta ƙara wa ƙwallo nisa, nisan kuma ƙara murɗa bambar yake yi. Haka ma bututun ƙarin tsawo da ake zurawa cikin risiba: masu ƙera shi da kansu sukan ce yana iya rage ƙarfinta da rabi.

Na yabi risiba, to bari in rage mata tsawo. Risiba ba ta ƙara wa mota ƙarfin ja ko da kilo ɗaya. Ka sa aji na 4 a bayan Ranger mai silinda huɗu, Ranger ɗinka tana nan Ranger. Motar tana da lambarta, risiba tana da tata, sanda tana da tata, ƙwallo an buga tasa a samansa, kofin tirela da tayoyinta ma haka. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙi, akwai takarda. Inda aka rubuta GVWR, wannan shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. GAWR kuma na kowane aksil ne shi kaɗai. Jimillar mota da tirela, GCWR, a littafi ake samunta. Nauyin wuya cikin lodin mota ake lissafa shi. Mu da muke cika bodi da buhuna, mu ɗora mutum shida a kai, sannan mu maƙala tirela, aksil ɗin baya ya wuce iyakarsa tun ba a bar tasha ba. Kuma da yake ƙwallo yana bayan tayoyin baya, duk abin da ya danna shi ɗaga gaban motar yake yi. Sai sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu, fitila ta koma haska idon mai tahowa.

Lambar jan da aka rubuta wa tsohuwar mota ita ma a karɓe ta da taka-tsantsan. A da kowane kamfani da yadda yake auna nasa, ana gasar wa ya fi wani a talla. Daga baya SAE ta fito da gwaji na bai ɗaya, J2807. Cikinsa akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona, tsawon kimanin kilomita 18, inda mota za ta ja cikakken lodi a zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ciki tana kunne a ƙarshe, ba tare da inji ya tafasa ba. Toyota ta fara bin sa a 2011, Ford da GM da Ram suka biyo baya daga ƙirar 2015. Duk motar da ta girmi wannan lokaci ba da shi aka auna ta ba. Ku kuma kun san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya wuce digiri 38 ɗin da suke gwaji da shi. Ga tsohon lagireto, ga giya mai canza kanta wadda zafi ne babban makashinta. Ni dai shawarata, a tsohuwar mota a tsaya nesa da lambar, kada a je bakinta.

Ja ma ba shi ne wuyar ba, tsayawa ce. Sabuwar Hilux a Ingila an yarda ta ja har kilo 3,500 idan tirelar tana da birkin kanta. Idan ba ta da shi, kilo 750 kacal. Mota ɗaya, inji ɗaya, ƙarfen ja ɗaya, birkin tirela kaɗai ya kawo wannan tazara. A Amurka jihohi da yawa sun wajabta birki ga tirelar da ta wuce laba 3,000, wasu ma ƙasa da haka. Tirelolin da ake haɗawa a garejinmu kuwa, da aksil ɗin mataccen mota, nawa ne cikinsu masu birki? Tankin ruwan nan namu mai kilo 1,300 duk a wuyan birkin motar yake. Ga shi nisan tsayawa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in ka ninka gudu, nisan ya ninku sau huɗu. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo ya san abin da ke faruwa idan aka ɗora ƙafa a birki tun daga sama: ya yi zafi, ya yi wari, ya daina kamawa. A sauka da ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe.

Ƙwallo kuma ba girmansa ɗaya ba, wannan ya cuci mutane da yawa. Na Amurka uku ne aka fi sani: inci 2 ba kashi ɗaya cikin takwas, inci 2 cif, da inci 2 da kashi 5 cikin 16. Na Turai milimita 50 ne, inci 2 kuwa milimita 50.8 ne. Mu da motarmu daga Amurka, tirelarmu ko kofinta daga Beljiyam, mun fi kowa shiga wannan ruɗani. Kofin inci 2 zai kifu a kan ƙaramin ƙwallon Amurka, ya kulle, ka ji ƙas, alhali akwai ratar kimanin milimita 3, sai an hau tudun rage gudu ya yi tsalle ya fita. Girman a rubuce yake a saman ƙwallo da jikin kofi, a karanta. Bayan an kulle, a sa jak ƙarƙashin wuyan tirela a ɗaga. In bayan motar ya biyo shi sama, ya kama. Wutsiyar ƙwallon ma ta cika hujinta: bambar Ranger ɗin nan kashi 3 cikin 4 na inci take so, ta F-150 inci guda. Siririyar wutsiya a faffaɗan huji wasa za ta yi ta yi har ta karye.

Wajen lodi, kimanin kashi 60 cikin 100 ya zauna gaban aksil, a ɗaure shi tamau. Tankin da bai cika ba ya fi cikakke wuyar sha'ani, don ruwan kai-komo yake yi yana tura motar. Idan tirela ta fara lilo, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka bi ta da sitiyari kana neman gyara ta, kada kuma ka saurari masu cewa a ƙara wuta ta miƙe. Ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, gudun ya sauka da kansa, ka gangara gefe ka matsar da kaya gaba. Fitilun birki da na sigina na tirela kuma a haɗa su. Tirela ta rufe fitilun mota, na bayanka ba duba yake yi ba.

Malamai masu walda, yanzu na zo kanku, kuma da girmamawa nake faɗa, don na san hannunku. Na san in aka kawo muku hoto, kafin la'asar kun fitar da risiba mai kyan gani. Abin da ba za ku iya ba ta ba shi ne lamba, domin lamba daga gwaji take fitowa, an ja ƙarfen da na'ura, an danna shi, an ga inda ya sallama. Mai mota zai ga kaurin aikinku ya ɗauka tan uku ba komai ba ne. Abin da ya fi damuna ma shi ne walda a jikin shasi. Zafin wuta yana canza halin ƙarfen, gefen waldar ya zama nan ne tsagewa take farawa, ba ranar ba, bayan wata da watanni ana jijjiga a hanya. Ga tankin mai da bututun birki da wayoyi duk a wurin. Risibar kamfani an yi ta ne daidai da ƙirar kowace mota, mafi yawa tana bin hujin da ke jikin shasi tun asali. A ɗaure ta da notin da ya zo da ita. In ya ɓace, a nemi mai 8.8 ko 10.9 a rubuce a kansa, ko na Amurka mai zane shida a ka, a kuma ɗaure da sifana mai auna ƙarfi. Idan shasin ya ruɓe, babu risibar da za ta cece shi. Ku gaya wa mai motar gaskiya ko da zai tafi wani garejin.

Abu na ƙarshe ya fi shafarmu fiye da Amurkawa, wato janwe. Damina ta yi, mota ta kafe a taɓo, sai a kawo a-kori-kura, a zarga igiya ko bel a wuyan ƙwallo, a ja da baya a fizga da gudu. Kada ku yi, ko a bamba ƙwallon yake ko a risiba. An yi shi ne don ja a hankali, fizga tana karya wutsiyarsa, igiyar da ta miƙe kuma ta harba shi ta cikin gilashin motar da ake ja. A Ostareliya da Amurka an rasa rayuka ta wannan hanya. A cire sandar, a yi amfani da ƙugiyar da aka tanada don wannan aiki a jikin shasi, 'yan kallo kuma su matsa nesa. Jan matacciyar mota a titi da igiya shi ma a tuna cewa in inji ba ya aiki, birki da sitiyarin yawancin motoci tauri suke yi, mai giya mai canza kanta kuma tana iya lalacewa. Sandar ƙarfe ta fi igiya, motar janwe ta fi su duka.

Hukuncina a kan tambayar da aka ba ni shi ne: tsohuwar a-kori-kura da za ta riƙa jan abin da ya wuce rabin tan, a sa mata risibar kamfani a lafiyayyen shasi, a bar wa bamba aikin taka ƙafa. Shugabannin ƙungiyar direbobi, roƙona gare ku, duk tirelar da ke aiki a ƙarƙashinku a kai ta ma'aunin manyan motoci sau ɗaya, babu kaya, a rubuta nauyinta da fenti a jikin wuyanta, don direba ya san daga inda lissafinsa zai fara. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.